Mujallun Labarin Ƙasa da Buɗe Ƙofofinsu a Intanet: Nazari a kan Cybergeo da Takwarorinta

Gabatarwa

Ilimin labarin ƙasa, wanda wasu ke kira jogurafi, fanni ne da ke nazarin doron ƙasa da abin da ke bisansa, da kuma yadda ɗan'adam ke zaune a kai yana cin moriyarsa. Kamar sauran fannonin ilimi, masanansa suna da dandalin da suke baje kolin sakamakon bincikensu, watau mujallun ilimi, waɗanda ba a buga maƙala a cikinsu sai bayan wasu masana sun tantance ta. Shekara da shekaru a takarda ake buga waɗannan mujallu, a sayar wa ɗakunan karatu na jami'o'i. Daga tsakiyar shekarun 1990 ne wasu daga cikinsu suka fara saka maƙalunsu a intanet domin kowa ya karanta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wannan shi ne abin da ake nufi da "buɗe ƙofa" a cikin wannan maƙala.

Za a ɗauki mujallar Cybergeo ta ƙasar Faransa a matsayin misali, domin tana cikin na farko da suka bi wannan tafarki, sa'an nan a kwatanta ta da hanyar da masanan Ingila suka bi. Abin da ake son ganowa shi ne, idan aka ce mujalla ta buɗe ƙofarta, wane ne ya sami shiga, wane ne kuma ya biya kuɗin ƙofar.

Asalin mujallun

A shekarar 1665 aka fara buga mujallun ilimi, ɗaya a Faris, ɗaya a Landan. Na labarin ƙasa ba su bayyana ba sai bayan da aka kafa ƙungiyoyin masana fannin, watau ta Faris a 1821, da ta Balin a 1828, da ta Landan a 1830, wadda aka fi sani da Royal Geographical Society. A wannan zamani ne Turawa ke ta zumuɗin sanin tsakiyar Afirka, musamman inda kogin Kwara ya dosa, saboda haka ƙasar Hausa ta shiga rubuce-rubucen fannin tun da wuri. A 1824 Hugh Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya iso Kano, ya zarce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya koma da taswirar da ya samu a fadar, da kuma wani yanki na littafin Infaƙul Maisuri mai bayanin ƙasashen wannan sashe, aka fassara aka buga a Landan a 1826. Heinrich Barth, watau Abdulkarimu, ya shigo Kano a 1851, kuma rahotanninsa da taswirorin tafiyarsa suna cikin abubuwan da suka ɗaga darajar mujallar da August Petermann ya kafa a garin Gota na Jamus a 1855, wadda ta rayu har 2004.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga labarin hanyoyi da zangon ayari da kasuwanni da matafiyan nan suka rubuta, daga bakin fatake da madugai da malamai da alhazai suka ji shi. Da labarin ya ƙetare teku ya shiga ɗab'i, sai ya zama hajar sayarwa, jikokin waɗanda suka ba da shi kuwa ba su da hanyar ganinsa.

Muhawarar hamada

Wani zai iya cewa wannan ai sha'anin malaman jami'a ne kawai, babu ruwan talaka da abin da ke cikin mujalla. Misali guda ya isa ya nuna ba haka abin yake ba.

A 1934 wani shehun malamin ilimin gandun daji na Jami'ar Edinbara mai suna E. P. Stebbing ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Ya ga ƙasa ta bushe, yashi ya rufe gonaki, itatuwa sun zubar da ganye. A 1935 ya buga maƙala a The Geographical Journal, mujallar da ƙungiyar Landan ta fara fitarwa a 1893, yana mai cewa hamadar Sahara na gangarowa kudu tana cinye ƙasar noma, ya ɗora laifin a kan manoma da makiyaya masu sare daji, ya kuma ba da shawarar a kafa wani dogon shinge na itatuwa domin a tare ta. Maganar ta girgiza hukumomin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya bi kan iyakar ƙasashen biyu tsakanin ƙarshen 1936 da farkon 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada na tafiya ba. Ɗaya daga cikin wakilansa, Brynmor Jones, ya buga raddi a wannan mujalla ɗin dai a 1938. Daga baya masana suka yi nuni da cewa da rani Stebbing ya yi yawonsa, kuma wanda ya ga ƙasar Katsina a watan Maris kaɗai, bai gan ta a watan Agusta ba, ai rabin labari ya sani.

To amma maganar farko ita ta zauna a zukata, raddin kuwa ya kwanta a kantocin laburare. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na 1983 zuwa 1984 ya sake farfaɗo da ita. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, sa'an nan a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya shafe shekaru yana bibiyar manoman karkarar Kano da na ƙauyen Dagaceri, ya nuna cewa suna da dabarun jure fari da na raya ƙasa waɗanda masu tsara manufofi ba su lura da su ba. A 1991 kuma Compton Tucker da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 zuwa 1990, wanda ya nuna cewa gefen Sahara na kudu yana matsowa a shekarar ƙarancin ruwa, ya ja da baya a shekarar damina mai albarka. Ba a ce ƙasa ba ta lalacewa ba, domin kuwa tana lalacewa a wurare da dama. Abin da aka ce shi ne, siffanta matsalar da rundunar yashi mai tahowa daga arewa kuskure ne, kuma wanda ya yi kuskuren gano cuta zai yi kuskuren magani.

Wannan muhawara ta shafi gonar mutumin Daura da garken makiyayin Tasawa, an kuma kashe dukiya mai yawa bisa ga abin da aka fahimta daga gare ta. Amma an yi ta ne cikin Turanci, a mujallun da malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma bai taɓa riƙewa a hannunsa ba.

Yadda farashi ya hau

Kafin yaƙin duniya na biyu, ƙungiyoyin masana da jami'o'i ne ke buga akasarin mujallu. Bayan yaƙin sai kamfanonin ɗab'i suka gane cewa akwai riba a harkar, suka yi ta kafa sababbi suna kuma karɓar tsofaffi daga hannun ƙungiyoyi. Wani bincike da masanan Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka buga a 2015 ya nuna cewa kamfanoni 5 ne kacal suka buga fiye da rabin maƙalun da aka lissafa a babban kundin mujallu na duniya a shekarar 2013.

Cinikin yana da ban mamaki. Gwamnati ko wata gidauniya ce ke ba da kuɗin bincike. Malamin da ya rubuta maƙala ba a biyansa, masanan da suka tantance ta su ma ba a biyansu, sa'an nan marubucin ya sa hannu ya miƙa wa kamfani haƙƙin mallaka. Daga ƙarshe laburaren jami'ar da malamin ke aiki ya zo ya sayi mujallar da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jami'o'in Turai da Amurka ma sun koka, balle na Afirka. A Nijeriya, karyewar darajar naira daga 1986 ta sa ɗakunan karatu da yawa sun kasa ci gaba da biyan kuɗin shekara na mujallun waje, har ya zama mai bincike kan tarar da jerin mujalla ya tafi tiryan-tiryan daga shekarun 1960, ya zo tsakiyar shekarun 1980 ya tsaya cik. A Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa, an rage darajar kuɗin da rabi a watan Janairu na 1994, farashin duk wani littafi da ake shigowa da shi ya ninka.

Wannan ƙunci ne ya sa wasu masana suka taru a Budafes ta ƙasar Hangare suka fitar da sanarwa a watan Fabrairu na 2002, suna kira da a sake sakamakon bincike a intanet kyauta, ta yadda kowa zai karanta, ya kwafa, ya rarraba, muddin ya ambaci marubucin. Sun nuna hanyoyi biyu: ko marubuci ya ajiye kwafin maƙalarsa a rumbun jami'arsa inda kowa zai iya ɗauka, ko kuwa a kafa mujallun da tun asali ƙofarsu a buɗe take. Sanarwar Balin ta biyo baya a 2003.

Cybergeo

Shekara 6 kafin sanarwar Budafes, watau a 1996, wata masaniyar labarin ƙasa ta birnin Faris mai suna Denise Pumain ta kafa mujallar Cybergeo, tare da abokan aikinta na wata cibiyar bincike da ke ƙarƙashin CNRS, hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Faransa. A lokacin shafukan intanet ba su daɗe da bazuwa ba, kuma malamai da yawa suna ganin abin da ba a buga a takarda ba bai cika ilimi ba. Mai neman ƙarin girma a jami'a yakan ji tsoron kai aikinsa inda kwamitin tantancewa zai raina. Maganin da mujallar ta yi wa wannan tsoro shi ne ta riƙe ƙa'idar tantancewa kamar kowace tsohuwar mujalla, ba ta sassauta ba don kawai ba ta da bango da shafi. Ita kanta Pumain an ba ta lambar yabo ta Vautrin-Lud a 2010, wadda ita ce mafi girma a fannin.

Tsarin mujallar ya sha bamban da wanda aka saba ta fuskoki da dama. Ba ta da fitowa ta wata uku ko ta wata shida. Da zarar an gama tantance maƙala sai a ba ta lamba a sake ta, ba sai ta jira 'yan'uwanta sun cika ba. Ba a karɓar kuɗi daga mai karatu, ba a kuma karɓa daga marubuci. Tana karɓar maƙala cikin manyan harsunan Turai, ba Faransanci kaɗai ba.

Akwai kuma wata fa'ida da ta keɓanta ga labarin ƙasa. Taswira ita ce rabin hujjar mai wannan fanni, buga taswira mai launi a takarda kuwa tsada gare shi. Saboda haka editocin da sukan tilasta wa marubuci ya rage yawan taswirorinsa, ko ya mayar da su baƙi da fari, ya bambanta sassa da ɗigo-ɗigo da zane-zane, har wani lokaci mai karatu ya kasa rarrabe gona da daji. A allon kwamfuta launi ba ya cin kuɗi, shafi ba ya ƙarewa, har ana iya nuna taswira mai motsi wadda ke bayyana yadda gari ya faɗaɗa daga shekara zuwa shekara. Ashe ke nan sauya takarda da allo ya taɓa yadda ake kafa hujja a fannin, bayan sauƙin da ya kawo wa mai karatu.

Mujallar ba ta tsaya inda ta fara ba. A 2007 ta koma dandalin Revues.org, wanda Marin Dacos ya kafa a 1999 domin ya zama masauki ga mujallun Faransa na fannonin zamantakewa, aka kuma sauya masa suna zuwa OpenEdition Journals a 2017. Hikimar wannan ƙaura ita ce, mujalla ɗaya tilo ba za ta iya ɗaukar ma'aikatan kula da na'urori da adana tsofaffin maƙalu ba, amma idan ɗaruruwan mujallu suka taru a inuwa guda sai nauyin ya rabu. Bayan haka ta buɗe sassa na musamman inda mai bincike zai buga alƙaluman da ya tattara da kuma tsarin lissafin da ya yi amfani da shi, domin wani ya ɗauka ya gwada da kansa ya ga ko sakamakon zai fito daidai. Wannan mataki ya fi ƙarfin a ce an ba mutum damar karatu, domin an ba shi damar ƙaryata marubucin idan ya yi kuskure. Har ila yau ta shiga fassara taken maƙalu da tsakurensu zuwa Sinanci da Sifaniyanci, don masu karatun da ke wajen Turai su san abin da ke ciki.

Sai dai kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Mujallar da ba ta karɓar kuɗi daga kowa, lalle akwai mai ɗauke da ita. A nan gwamnatin Faransa ce, ta hannun hukumar bincike da jami'o'in da ke biyan albashin ma'aikata da kuɗin na'urori, sai kuma malamai masu aikin edita da tantancewa a kan lokacinsu. Shi kansa dandalin ya ƙirƙiro wani tsari a 2011 inda karatu a allo ya zama kyauta, amma ɗakunan karatu su biya wani abu domin samun kwafin da ake saukewa da wasu hidimomi, a raba kuɗin da mujallu. Raunin wannan hanya a fili yake: ranar da hukuma ta janye hannunta, ko masu aikin sa kai suka gaji, mujallar na cikin haɗari. Wani abin kuma shi ne, da yake an haife ta a cibiyar da ta shahara kan nazarin birane da lissafi, mai karatu daga ƙasar Hausa zai fi samun dabarun bincike a cikinta fiye da labarin ƙasarsa, ko da yake ba a rasa maƙalu a kan Afirka ba.

Akwai irinta a wasu wurare, kamar ACME da aka kafa a 2002, wadda ita ma ba ta karɓar kuɗi daga ɓangarorin biyu, tana kuma buga maƙalu cikin harsuna da dama.

Hanyar Landan

Ƙungiyar Landan ta bi wani tafarki dabam. Kamfanin Wiley ne ke buga mata mujallunta, kuma kuɗin da ke shigowa daga gare su yana cikin abin da take gudanar da ayyukanta da shi, don haka ba ta iya sakin su haka kawai. A 2014 sai ta kafa sabuwar mujalla mai suna Geo: Geography and Environment, wadda kowa zai karanta kyauta, amma marubuci ko jami'arsa su biya kuɗin bugawa. A tsofaffin mujallun kuma aka ba marubuci zaɓi, in ya biya a buɗe maƙalarsa, in bai biya ba ta zauna a kulle sai ga masu biyan kuɗin shekara. Wannan tsari ya ƙara ƙarfi bayan 2018, lokacin da wasu hukumomin ba da kuɗin bincike na Turai suka shar'anta cewa duk aikin da suka ɗauki nauyinsa tilas a buga shi a buɗe.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A manyan mujallu yakan kai dala dubu biyu, ko uku, ko fiye. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a 2021. A 2023 babban editan Journal of Biogeography, mujallar da ke nazarin yadda tsirrai da dabbobi suka bazu a doron ƙasa, ya ajiye aiki, akasarin mataimakan editoci kuma suka dakatar da nasu, kuma tsadar kuɗin bugawa tana cikin manyan dalilan da suka bayar.

Ga malamin da ke Kano ko Yamai, ma'anar wannan ita ce an ɗauke shingen daga gaban mai karatu an dasa shi a gaban marubuci. A da yana iya rubutawa amma ba ya iya karanta abin da wasu suka rubuta. Yanzu yana karantawa, amma kuɗin maƙala ɗaya ya fi albashinsa na watanni. Gaskiya ne kamfanoni kan yafe kuɗin ko su yi rangwame ga marubutan wasu ƙasashe, to amma abin da sai an roƙa ake samu bai zama haƙƙi ba. Illar da ke biyo baya ita ce, Baturen da ya zo ya yi wata uku yana bincike a fadamar Haɗeja maƙalarsa za ta fito a buɗe duniya ta karanta, ɗan ƙasar da ya yi shekara 20 yana nazarin wurin kuwa tasa ta zauna a kulle. Ta wannan kafa ce kuma mujallun bogi suka shigo, masu karɓar kuɗi kaɗan su buga kowane irin rubutu cikin mako guda ba tare da tantancewa ba, malamai masu gaggawar ƙarin girma suna ta faɗawa tarkonsu.

Tsofaffin fitowa

A wasu fannonin kimiyya maƙalar da ta shekara 10 ta tsufa. A labarin ƙasa kuwa tsohuwar maƙala ita ce ma'aunin da ake gane sauyi da shi, domin ba mai iya cewa daji ya ragu ko tafki ya janye sai ya san yadda suke a da. Saboda haka buɗe rumbun tsofaffin fitowa yana da muhimmanci daidai da buɗe sababbi.

Rumbun JSTOR, wanda aka kafa a Amurka a 1995, shi ne ya ɗauki hoton tsofaffin mujallun ƙungiyar Landan. A 2006 ya yafe wa jami'o'in Afirka kuɗin shiga, a 2011 kuma ya saki maƙalun da aka buga kafin 1923 a Amurka, da kafin 1870 a sauran ƙasashe, ga kowa da kowa. Bisa wannan ƙa'ida, rahotannin zamanin Barth sun fita fili, amma maƙalar Stebbing ta 1935 da raddin Jones na 1938 ba su shiga cikin waɗanda aka saki ba. Mai son ganinsu sai ya bi ta laburaren jami'a, ko ya yi rajista ya karanta a allo cikin adadin da aka ƙayyade masa.

Faransa ta fi sakin hannu. A 2005 gwamnatinta ta buɗe rumbun Persée, inda aka zuba tsofaffin fitowar mujallu irin su Annales de Géographie ta 1891, da Les Cahiers d'Outre-Mer wadda aka kafa a Bordo a 1948 domin nazarin ƙasashe masu zafi, ba a kuma tambayar mai shiga ko wane ne shi. Hukumar binciken nan da aka sani da ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ita ma ta saka dubban rubuce-rubucen ma'aikatanta a fili. Ita ce ta buga littafin Emmanuel Grégoire a kan alhazan Maraɗi a 1986. Ana iya cewa ɗalibin Maraɗi ya fi takwaransa na Katsina samun sauƙin gano abin da aka rubuta a kan yankinsa, alhali tsakanin garuruwan biyu bai kai tafiyar kilomita 100 ba.

Babban giɓin yana cikin gida. Nigerian Geographical Journal ta fara fitowa a 1957, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta fara buga Savanna a 1972, kuma a irin waɗannan ne aka adana binciken da aka yi a tsanake a kan ƙauyuka da kasuwanni da fadamun Arewa. Samun tsofaffin fitowarsu a intanet ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan samun na Landan ko na Bordo, takarda kuwa ga gara ga ɗigar rufi. Dandalin AJOL, wanda aka fara a Ingila a 1998 aka mayar da shi Afirka ta Kudu a 2005, ya tattara mujallun Afirka fiye da 500, Nijeriya ce kuma ke da kaso mafi yawa, amma ƙarfinsa ya fi karkata ga mujallun da ke raye. Wadda ta riga ta daina fitowa ba ta da mai magana da yawunta.

Batun harshe

Ko da an kawar da duk waɗannan shingaye, an kuma samu wutar lantarki da kuɗin sayen data, akwai sauran ƙofa guda, ita ce kuwa ta shafi Sashen Hausa kai tsaye. Maƙalar da aka saki kyauta cikin Turanci ko Faransanci, a wurin wanda ba ya jin waɗannan harsuna tana nan a kulle.

A nan ya kamata a kula da irin izinin da mujalla ta ɗora wa maƙalunta. Akasarin mujallun da suka buɗe ƙofa suna amfani da lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002, kuma iri-iri ne. Wanda ake yi wa alama da CC BY ya yarda a kwafa, a taƙaita, a fassara, a rarraba, in dai an ambaci marubucin. Wanda aka ƙara wa haruffan ND kuwa ya hana a rarraba duk wani abu da aka sarrafa daga maƙalar, fassara kuma tana ciki. Saboda haka maƙalu biyu za su iya kasancewa kyauta ga mai karatu, amma ɗaya kaɗai ɗalibin fassara ke da ikon mayarwa Hausa ya buga ba tare da neman izini ba.

Aikin fassarar ma ba ɗaukar kaya ba ne daga wannan harshe a sauke a wancan. Ta wata fuskar Hausa ce ke ba da rance. Kalmar "fadama" ta shiga rubuce-rubucen masana yadda take, har Bankin Duniya ya sa ta a sunan shirin noman rani da ya tallafa wa a Nijeriya tun farkon shekarun 1990. Masu binciken ƙasar noma a yankin Maraɗi su ma sun ari rabe-raben da manoma ke yi tsakanin jigawa da geza da fadama, domin sun tarar ya dace da abin da awonsu ya nuna. Ta wata fuskar kuma kalmar da aka zaɓa a Hausa takan ɗauko ra'ayi ta shigo da shi ba a sani ba. Gidajen rediyo da jaridu sun saba cewa "kwararowar hamada" ko "gurgusowar hamada", kuma duk wanda ya ji haka zai hango yashi na tahowa daga arewa, watau ainihin hoton da Stebbing ya zana a 1935. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1994 kuwa ta bayyana matsalar da cewa lalacewar ƙasa ce a yankuna masu ƙarancin ruwa, sakamakon sauye-sauyen yanayi da ayyukan mutane, abin da ke iya aukuwa a tsakiyar gonar mutum ko da babu tudun yashi ko ɗaya kusa da shi. Bayan da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta saki hotunan tauraron Landsat kyauta a 2008, kowane sashen labarin ƙasa mai kwamfuta ya sami damar duba wannan da kansa. Binciken da aka yi da hotunan sama ya nuna cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun raya itatuwa, musamman gawo, a kan kimanin hekta miliyan 5 tun daga tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar barin tohon da ke fitowa a gona maimakon sassabe shi. Mai fassara irin wannan maƙala zai tarar "kwararowar hamada" ba ta ɗauke ma'anar ba, sai ya koma wurin manoman ya ji yadda su suke faɗa, domin a bakinsu akwai "ƙasa ta gaji", akwai "gona ta mutu", akwai kuma "fako", kowanne da matsayin lalacewar da yake nufi.